Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Jera Jihohi A Sikelin Muhalli: Ta Uku A Me?

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, masana da jami'an da kuke zama ku jera jihohin Najeriya daga ta 1 har ta 36 a kan kula da muhalli da sauyin yanayi, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da aiki. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na yi shekara 31 ina shan ƙurar alli a makarantun sakandare kafin na yi ritaya. Gidana yana gangaren Kogin Kaduna, idan damina ta yi tsakiya daga ɗaki muke jin rurin ruwa. Wasiƙar nan ba da bakina ni kaɗai na rubuta ta ba. Akwai 'yan lambun bakin kogi, da mata masu tuyar ƙosai da awara, da samari 'yan gwangwan, da iyayen yaran da ke kwana tari duk hunturu. A majalisarmu ta bayan isha'i aka tattauna, aka ce tunda ni na saba da biro, ni zan rubuta.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sakamakon 2025 na jadawalin da ƙungiyar SPP (Society for Planet and Prosperity), wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki kan sauyin yanayi, ke fitarwa tare da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, inda Legas ta zo ta ɗaya, Katsina ta biyu, Kaduna ta uku. A na 2024 Legas ce a gaba, sai Gombe, sai Ebonyi. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji sunan jihata a sahun gaba sai da raina ya yi fari, don an daɗe ba a kiran Kaduna a labarai sai da garkuwa ko jana'iza. Na kai labarin majalisa ina washe baki. Wani tela maƙwabcina, wanda shagonsa ke kallon wata bola da ta fi katangar masallacinmu tsayi, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To Malam, ta uku a me?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa da tambayar na kwana, kuma ita na kawo muku, ku da duk masu irin aikinku, har da masu zaɓen jihar da ta fi tsafta, da masu jera ƙasashen duniya daga ƙetare.

Kukanmu na farko a kan abin da ake ɗorawa a sikelin ne. Jadawalin nan abubuwa biyar yake dubawa: ko jiha tana da hukumomin da ke kula da sauyin yanayi, ko ta rubuta manufa da tsarin aiki, ko ta sa kuɗi a kasafi, ko tana aiwatar da ayyuka, da kuma yadda take fitowa a intanet. In yi muku adalci, ku da bakinku ba ku ce tsaftar gari kuka auna ba, shugabanci kuka ce. Ni ma ba na raina takarda, na san malamin da ya shiga aji babu tsarin darasi shirme zai yi ya fito. Tun da aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa a 2021, ya kamata kowace jiha ta samu ƙofar da za a buga a yi tambaya. Amma ku ƙara duban biyar ɗin nan. Huɗu daga ciki ana iya cika su ba a fita daga sakatariya ba. A naɗa mai ba da shawara, a kafa allo a ƙofar ofis, a ɗauko ƙwararre ya rubuta kundi mai kauri, a sa layi ɗaya a kasafi, a nemo yaro mai iya Facebook. A cikinsu babu wanda zai rage hayaƙin da ke shiga ƙirjin jikata. Batun kasafi kuwa, duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san tazarar da ke tsakanin "an ware" da "an saki". Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Makin intanet ɗin ya fi ɗaure mini kai. Na gane nufinku, kuna so gwamnatoci su riƙa buɗe wa jama'a abin da suke yi. Sai dai a zahiri, jihar da ta dasa bishiya ɗari ta ɗauki hoto dubu tana iya shan gaban wadda ta dasa dubu ba ta da mai kyamara. Mun sha ganin dashen bikin nan: a zo da rumfa da kujeru, babban mutum ya sa hular kwano ya riƙe shebur, a tafa, a watse. Kafin watan Maris akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone sauran. Baɗi a dawo ramin nan dai a sake dasawa, a sake ƙirgawa.

Sannan kafin labari ya iso unguwa, kalmar "shugabanci" ta faɗi a hanya. Abin da ke shiga kunnen talaka, da ma kunnen ƙaramin jami'i, shi ne Kaduna ta zo ta uku a muhalli. Ga abin da wannan ya jawo mana. Ni da dattawa biyu mun je wani ofis a kan magudanar ruwan layinmu da leda da robobi suka toshe. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera. Da muka gama bayani, sai wani matashin jami'i ya ɗauko waya ya nuna mana labarin matsayin, ya ce, "Baba, ai ana ƙoƙari, ku duba inda muke yanzu." Ba da rashin kunya ya faɗa ba, shi ma ya yarda da abin da yake faɗa. Muka yi godiya muka fito. Magudanar tana nan yadda muka bar ta. Yabon da kuka yi da kyakkyawar niyya ya zama garkuwar da ake tare kukanmu da ita.

Kuma mu toshewar magudana ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wanda ya zauna Titin Kigo ko Rafin Guza ko Kabala ya san abin da watan Agusta da Satumba ke nufi. Mun ga ambaliyar 2003, mun ga ta 2012, mun ga ta 2022. A ɗaya daga cikinsu da tsakar dare na fita da takardun jarrabawar ɗalibai a kwando a kaina, ruwa iya ƙugu, matata tana goye da auta tana salati. Kogi yakan cika, wannan ikon Allah ne da yawan ruwan sama. Amma ruwan da ya fara shigo mana ɗaki ba daga kogi ya zo ba, daga lambatun da ya rasa hanya ya zo, saboda shara da gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa. Jihar da ta san adadin gidajen da ruwa ya ci bara da na bana, kuma adadin yana raguwa, ita ce ke kula da muhalli. Wannan lissafin muke so mu gani a takardarku.

Kuka na biyu daga aji na ɗauko shi. Shekara 31 ina cika takardar sakamako, kuma na koyi cewa matsayi daban, maki daban. Na taɓa riƙe ajin da wanda ya zo na ɗaya da 46 cikin 100 ya zo. Uban ya yanka kaza, ya aiko mini da goro. Ban iya gaya masa cewa ɗansa ma bai ci ba, sauran ne kawai suka fi shi faɗuwa. Duk ajin da aka jera sai an samu na ɗaya, ko da kowa ya kwashi sifili da ɗoriya. To haka jihohi 36. Idan dukkansu suna ƙona shara a fili, suna zuba ƙazanta a rafi, dole dai wata ta zo ta ɗaya wata ta uku. Sannan idan jiha ta yi tsalle daga tsakiyar jeri zuwa sama cikin wata goma sha biyu, mai hankali zai tambaya: me ke canjawa da wannan saurin? Bishiya ba ta girma a shekara ɗaya, kogi ba ya wankuwa a shekara ɗaya. Fayil ne ke cika a shekara ɗaya.

Na uku gajere ne. Jihar Kaduna ƙananan hukumomi 23 ce, faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 46. Duwatsun Kagoro da ruwan Kafanchan ba su da haɗi da ƙasar Makarfi da Ikara, inda damuwar manomi ita ce ƙasa ta gaji. Ko a cikin garin nan, wanda ke shan inuwa a GRA da wanda ke Rigasa ba iska ɗaya suke shaƙa ba. Lamba ɗaya da aka ɗora wa dukkanmu ba ta gaya wa kowa halin da yake ciki.

Na huɗu shi ya fi ci mini rai, kuma ya shafi masu auna kore daga tauraron ɗan'adam da masu ƙirga hayaƙi. Sau da yawa talauci da tsoro ne ke fitowa a takardunsu da rigar kula da muhalli. Ina saurayi Kakuri tana cike da masaƙu, tun ta farko da aka buɗe a 1957, dubban ma'aikata suna fitowa canjin aiki kamar an tashi daga idi. Magudanar Makera a lokacin kala-kala take gudu da ruwan rini zuwa kogi. Yau yawancin masaƙun nan kufai ne. Idan rinin ya ragu a ruwa, wa za a ba lambar yabo? Ba wata manufa ce ta tsaftace shi ba, mutuwar sana'a ce, kuma magidantan da suka rasa aiki su suka biya kuɗin. Haka gonakin da aka gudu aka bari a yankin Birnin Gwari da kewayen dajin Kamuku saboda 'yan bindiga: idan ciyawa da sabara suka rufe su, daga sama kore shar za a gani. Na'ura ba ta san cewa mai gonar yana zaman gudun hijira a gidan ɗan'uwansa a Mando ba. Ɗan Najeriya ba ya fitar da tan 1 na iskar kabon a shekara, Ba'amurke yana haura tan 13. Ba don mun fi su tsoron Allah a kan muhalli ba ne. Wutar ce babu.

Ta ɗaya gefen kuma, talaucin nan shi ke cin dajin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa a layinmu suka jingine tukunyar gas suka koma gawayi da ice. Ku bi hanyar Kachia ko ta Abuja ku ga buhunan gawayi jere a bakin titi. A cikin buhunan nan akwai kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da kakanninmu ba sa sa wa gatari saboda man kaɗe da daddawa. Maƙwabciyata mai ƙosai ta san hayaƙin yana cin idonta, likita ma ya gaya mata. Ta ce mini, "Malam, in na sayi gas, ribar ta tafi." Ma'aunin da bai san farashin kilo ɗaya na gas a kasuwar Kaduna ba, bai san makomar dajin Kaduna ba.

Kada ku ce shakkar tawa ta ƙauyanci ce, manyan jadawalan duniya ma sun sha wannan suka. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanan gurɓatar iska na birane kusan 3,000, Anaca ta zo ta ɗaya a yawan ƙurar da ake kira PM10, Kaduna ta biyar a duk duniya. To ga gari ɗaya, a wannan takarda yana cikin mafi muni a doron ƙasa, a waccan kuma jiharsa tana sahun gaba a gida, kuma ba lallai ne ɗaya ta yi ƙarya ba, abin da suka auna ne ya bambanta. Jerin na 2016 ma yana da nasa ramin. Garin da aka auna iskarsa ne kawai ya shiga, wanda ba a auna ba ya tsira da mutuncinsa. Kuma ƙurar hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele a arewacin Chadi tana cikin lissafin, alhali babu gwamnan da zai iya tare ta. Abin da yake namu shi ne hayaƙin bola, da na janareta, da tayar da ake babbaka da ita, da tsofaffin motoci. Sai an raba biyun nan kafin a san wa za a kama.

Jami'o'in Yale da Columbia a Amurka suna fitar da nasu ma'aunin kula da muhalli na ƙasashe 180 duk bayan shekara biyu. A 2022 Denmark ce ta ɗaya, Indiya ta ƙarshe, gwamnatin Indiya kuma ta fito ta yi watsi da shi tana sukar yadda aka raba nauyin maki. Ko da gaskiyarta ko babu, ta taɓo inda gizo ke saƙa: wani ne ya zauna ya yanke cewa wannan abu zai ci kashi kaza, wancan kashi kaza, kuma idan aka juya rabon, jerin ma sai ya juya. Ƙasashen da ke saman irin wannan jeri kuwa, ina tsofaffin motocinsu da firji da kwamfutocinsu suke ƙarewa? A tasoshin jiragen ruwanmu. A 1988 har gangunan shara mai guba aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu. Mai gidan da ke share tsakar gidansa ya tura sharar ƙofar maƙwabci, shi ma a ido mai tsafta ne. Sai kuma darasin Bankin Duniya, wanda a Satumban 2021 ya daina fitar da rahotonsa na sauƙin kasuwanci gaba ɗaya, bayan bincike ya nuna an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe. Duk ma'aunin da manya suka fara ƙishirwar matsayinsa, za a samu masu koyon yadda ake cinye shi ba tare da an yi aikin ba. Na ga haka a ɗalibai, masu haddace tambayoyin shekarun baya.

Akwai kuma mutanen da ba na jin wani ma'auni ya taɓa sanin da zamansu. Ku shiga Panteka ku ga yadda tsohon ƙarfe ke komawa murhu da tukunya da injin niƙa. Yaran da ke yawo da buhu suna tsintar roba da gwangwani, da manoman da ke sayen takin bola su kai gona, su ne ke rage wa garin nan shara tun kafin a ƙirƙiro ofisoshin da kuke ba maki. Ba safar hannu, ba takalmi, ba allurar tetanus, sau da yawa ma da sunan ɓarayi ake kallon su. Na san akwai ɓata-gari a cikinsu, an sace mini murfin kwata ni ma. Amma aikin nasu ne, yabon na wasu.

To, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma ba mu ce ku daina ba. Gasa tsakanin gwamnoni tana da amfani, wani ba ya motsi sai ya ga an wuce shi.

Ku kira abin da sunansa, da babbar murya, kuma da Hausa. Ranar da za ku fitar da sakamako, ku sa a gidajen rediyo a faɗi cewa wannan ma'aunin shirin gwamnati ne, ba shaidar tsaftar iska ko ruwa ba ne, don kada wani jami'i ya sake nuna wa dattawa waya. Tare da matsayi ku riƙa faɗin makin, da makin da ake ɗauka an ci, da hujjar kowane maki a inda ɗan jarida ko ɗalibi zai iya dubawa ya ƙalubalanta. Ku faɗi wa ke ɗaukar nauyin aikin, da wanda ya tantance amsoshin da jihohi suka bayar a kan kansu.

Babban roƙonmu shi ne ku sauko ƙasa. Kaso mai tsoka na makin ya koma kan abin da ake iya taɓawa. A kafa na'urorin auna iska a Kawo da Kasuwar Barci da Kakuri da Sabon Tasha da Rigasa, yanzu akwai ƙanana marasa tsada, a riƙa sanar da sakamakon kamar yadda ake sanar da hasashen yanayi. A ɗebi ruwan kogi kafin ya shigo gari da bayan ya fita, da na Rafin Romi da magudanar Makera, rani da damina, don da ruwan nan ake ban-ruwan latas da alayyahon da ke shiga tukunyarmu. Masu yin gwajin ba sai an ɗauko su daga Turai ba: ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga jami'ar jiha, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a nan Mando. Bishiya kada ta ci maki sai ta tsallake rani biyu. Kuɗi kada ya ci maki sai an sake shi an ga inda ya shiga. Makin intanet a rage shi, a mayar da shi kan ko jiha tana wallafa waɗannan alƙaluman, masu daɗi da marasa daɗi.

Ku rarraba sakamakon zuwa ƙananan hukumomi, ko da a 'yan abubuwa kaɗan ne kamar kwashe shara da ambaliya, don mutumin Zangon Kataf da na Soba kowa ya ga nasa. Kuma ku tambaye mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu unguwanni, da limamai da fastoci, da shugabannin kasuwa, da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ke ganin yara masu asma da gudawa, duk suna da amsar da ba ta cikin fayil.

Ga shugabannin jiharmu kuma, tunda na san wasiƙar za ta iya isa gare su: muna taya ku murna, da gaske. Tunda an shaida kuna da ofis da kundi da kasafi, yanzu mun san ƙofar da za mu buga, kuma za mu zo da takardar matsayin a hannu.

Ku kuma masu jadawali, kafin ku zauna aikin baɗi, muna gayyatar mutum biyu daga cikinku su zo unguwarmu sau biyu: ƙarshen Agusta, lokacin da kogi ke taɓa gindin mangwaron bayan gidana, da kuma Janairu da magariba, lokacin da ake cinna wa bola wuta hazo ya danne hayaƙin ya hana shi tashi. Telan nan ya ce zai ba da bencin ƙofar shagonsa, mai ƙosai ta ce karin kumallo a wuyanta. Ku taho da takalmin roba.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
a madadin maƙwabtansa na gangaren Kogin Kaduna.